Dalilin da Ya Sa Ban Faɗa Miki Inda Hanon Yake Ba

Uwani, uwata ta kaina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki lafiya, ya sa kin sauka Tawa ba tare da wata wahala ba, ya tsare ki a ɗakin da kika kama da kuma hanyoyin duwatsun da za ki riƙa bi. Innarki tana gaishe ki. Ta ce ki buɗe kwalin nan tun da wuri, domin murfin kwalbar man shanu bai rufu da kyau ba. Sauran labarin gida za ta ba ki a waya, kin san ta fi ni iya wannan.

Na san kin tafi da fushina. Abu ɗaya kika roƙe ni, a tsakar gida da kuma a tasha: in faɗa miki inda sauran itatuwan hano suke a duwatsun Buza, ki saka su cikin ƙidayar itatuwa da porjenku, wato shirin aikinku, ya ɗauke ki ki yi. Ni kuma na ce ki duba ko kin ɗauko katinki. Kika ce, "Baba, shekara talatin kana wanga aiki, ni ko hwarawa ban yi ba ka ruhe min ƙohwa." Mota ta tashi ban ba ki amsa ba. Bakina bai taɓa iya bayani ba, rubuta rapor, rahoton aiki, na saba. To ga wani rapor ɗin, shi kaɗai ne ba wanda ya sa ni rubutawa, kuma ba abin alfahari a cikinsa. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Shekarar da na fara aiki wajen Garhanga aka tura ni. Ina saurayi, da sabon takalmi, da karne, ɗan littafin rubutu mai baƙin bango, da gwangwanin jan fenti. A lakkwal, wato makaranta, an koya mana cewa itacen da kake son bin girmansa shekara da shekara sai ka ba shi lamba. Na sa maigari ya tara mutane, na yi musu dogon jawabi, rabinsa Faransanci. Suka ce to. Na shiga gonaki, duk ƙaramar kirya ko ɗanya da na gani sai in shafa mata ja in rubuta lamba. Kafin in bar garin har yara da manya sun sa mini suna Mushe Icce, wato Malam Itace a irin kiran Faransanci, ni kuwa ina jin daɗi, na ɗauka yabo ne.

Bayan kaka na koma da abin awona. Na yi ta yawo ban ga ja ko ɗaya ba. An sare su daga ƙarƙashin ƙasa, an mayar da rairayi an rufe, kamar ba a taɓa yin tsiro a wurin ba. Waɗanda idona ya tsallake ban shafa musu fenti ba suna nan tsaye lafiya lau. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tafi gidan wani manomi, Malam Idi, wanda gonarsa ta fi kowace yawan lamba. Ya sa aka dama mini fura, ya bari sai da na sha, sannan ya ce:

"Mushe, iccen da babu ja nawa na. In reshe ya tsare min hatsi in sare, in akuya ta ji yunwa in kakkaɓo mata. Ran da kas sa mishi ja, ya zama na gwamnati. Gobe ɗana shi taɓa shi, masu kaki su zo su tahi da ni. Gara in kashe shi tun shina ƙarami."

Na ce, "Amma ai kun ce to."

Ya ce, "Awo, mun ce to. Mi kaka so mu ce ma baƙo gaban maigari?"

Abin kunyar shi ne na riga na aika rapor kafin in je gidansa, na rubuta cewa mutanen wurin ba su damu da itace ba. Ban taɓa janye wannan magana ba, tana nan cikin wani kabad a Yamai da sa hannuna. Su ne suka bar tsiron nan ya rayu cikin hatsinsu, ni ne na zo da gwangwani na kashe shi.

Ke ba za a ba ki fenti ba, ƴar na'urar nan mai ɗaukar lambobin wuri za a ba ki. Ki sani, a idon mai gona duk ɗaya ne. Idan kika tsaya gindin itacensa kina danne-danne, yana kallonki daga nesa yana tunanin ɗansa. Kada ki fito da komai daga jaka ranar farko, ko ta biyu. Ki tambayi wa ya bar itacen, me ake yi da shi, wa ke da iko da reshensa. Kuma idan taro ya ce miki to baki ɗaya, ba ki ji komai ba tukuna. Sai kin bi su gida ɗaya bayan ɗaya kin sha furarsu.

Kuskure na biyu innarki har yau ba ta bar ni na huta da shi ba. An sa ni bincike a kwarin Tama kan itatuwan da ke raguwa. Na zauna ƙofar masu gari da takardar tambayoyi, maza suka kewaye ni. Na tambayi zure, kowa ya ce ai rabonsa da ganin zure tun yana yaro. Ƙauye bayan ƙauye amsa ɗaya. Na yi ɗan yawo a gonaki ban gani ba, sai na rubuta cewa zure ya ɓace daga kwarin. Maganar ta yi wa na sama daɗi, domin ba abin da ke jawo hankalin masu ba da taimako kamar kalmar ɓacewa. Wani ya kwafa daga wurina, wani ya kwafa daga wurinsa, har na riƙa cin karo da maganata a littattafan mutanen da ba su taɓa taka Tama ba.

Wata ranar kasuwa, shekaru bayan nan, innarki ta ajiye mini kwaɗo da rana. Na ci loma biyu na ce wannan ganye fa? Ta gyara zama ta ce, "Ci sannu, Mushe, abin ya ɓace." Zure ne. Wata mata daga Tama ke kawo shi kasuwar Madawa duk shekara. Matan wurin sun san kwazazzabon da yake, tun kakanninsu suke zuwa tsinka, kuma ba wanda ya tambaye su domin mai tambayar yana ƙofar maigari yana rubutu. Na cinye kwanon, ba yadda zan yi, ga shi kuma ya yi daɗi.

Don haka ki bambanta "ban gani ba" da "babu". Na farko shi ne naki, shi kike da shaida a kansa. Na biyu sai wanda ya taka kowane lungu, kuma ni a shekara talatin ban gamu da shi ba. Ke mace ce, za ki shiga cikin gida inda ni nake tsayawa a zaure. Kada ki yar da wannan don ki yi kama da abokan aikinki maza. Ki zauna inda ake daka, ki taya su tsinkar ganye, za ki ji sunayen tsiron da babu su cikin takardarku.

Kin ga waɗannan biyu ina iya ba da labarinsu a yi dariya. Na ukun ban taɓa faɗa wa kowa shi duka ba sai innarki.

A wani ƙauye tsakanin Buza da Tama akwai wani tsoho, Baba Arzika. Gidansu a da su ne masu yi wa dutse yanka kafin shuka. Shi ya musulunta tun yana matashi, salla ba ta wuce shi, amma akwai wani wuri a bisa dutse da kakanninsa ke zuwa, wanda ba mai shiga da gatari. Ya taɓa ce mini, "Mun bar yankan, ba mu bar kunyar wurin ba." Shekara biyu ina sauka gidansa duk lokacin da aiki ya kai ni yankin. Shi ya koya mini gane itace da ƙanshi, da ɗanɗanon ɓawo, da irin tsuntsun da ke sauka a kai. Abin da na sani na gaske a wannan aiki, rabinsa daga bakinsa na ji.

Wata safiya da rani ya ce in biyo shi. Muka yi ta hawa har numfashina ya fara yankewa, shi kuwa ko sanda bai dogara ba. Muka ɓulla bayan wani dutse, sai ga hano. Uwani, ke ba ki taɓa ganin hano a tsaye ba, sai ɓawonsa a tabarmar masu magani. Fari ne, fatarsa tana saɓulewa kamar ta albasa, ba ganye ko ɗaya a lokacin sai fure, ga ƙanshin ƙaro ya cika wurin. Littattafanmu sun ce ya yi wuya a duk yankin, ga shi nan manya da ƙanana sun cika gangaren. Na tsaya baki buɗe. Baba Arzika ya ce, "Na gwada maka don kana son icce. Kai nig gwada ma, ban gwada ma takarda ba."

Na ce to. Irin to ɗin mutanen Garhanga na yi masa, domin tun muna saukowa ina lissafa taku a zuciyata don in zana taswira.

Ba zan ce miki don kare itacen kaɗai na yi ba, ko da yake haka na riƙa faɗa wa kaina. Na gaji da zama ɗan daji da ake kira Mushe Icce, alhali abokan karatuna suna cikin biro, ofis mai sanyi. Aka kira taro a Yamai, na kai hotuna da taswira. Aka tafa mini, wani babba ya kira sunana daidai a karon farko. Aka buga rapor aka rarraba. Daga nan baƙi suka fara zuwa gani, mota bayan mota, kowace da direba da ɗan rakiya, kowa kuma yana da baki. Ban san wa ya kai labari ga masu sayar da ɓawo ba, kuma ban taɓa nema ba, tunda na san wanda ya fara. Tsaron da aka yi alkawari bai wuce allo guda da aka kafa a bakin hanya ba, wanda ya ƙara gwada wa mutane inda za su karkata.

Mutanen ƙauyen idan suna son magani ɗan tsagi suke yi a gefe ɗaya, su shafe wurin da laka ya warke. Waɗanda suka zo daga nesa da buhuna ba su da kunyar wurin, ba kakansu a can. Suka kware kowane itace zagaye, daga gindi har inda hannu ya kai. Rani biyu ya ishe su.

Da na koma, Baba Arzika ya sake cewa in biyo shi. Wannan karon da sanda ya hau. Muka tsaya cikin busassun itatuwa, ba ƙanshi, ba ƙudan zuma. Na jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na samu sauƙi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mushe, kai ma ka gani. Mu sauka, rana ta yi." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ya ci gaba da shimfiɗa mini tabarma, yana sa a yanka mini zabo, ni kuma ina cusa abincin da ƙyar.

Da ya rasu na je gaisuwa. Bayan kwana uku ɗiyarsa Hajo ta aiko a kira ni zaure. Ta ce tun lokacin da masu buhu suka fara zuwa, tsohon ya riƙa yanko rassan da ke da sauran rai yana kai su wani wuri yana dasawa, shi kaɗai, yana hawa da tulun ruwa. Wasu sun kama. Ta ce, "Baba ya ce in gwada maka, don kar ka mutu da abin cikin rai. Amma ya ce karne da alƙalami su tsaya nan zaure. Kuma ka rantse ko ɗanka ba ka hwaɗa mishi, sai in mu munka gwada mishi da kanmu." Na ajiye karne, na rantse. Ta kai ni. Ƴan kaɗan ne, ba su fi tsayina ba a lokacin. Na zauna a kan dutse na yi kuka gaban matar mutane, ta juya baya ta ba ni wuri.

To kin ji. Wurin da kike tambaya ke nan. Ba nawa ba ne balle in ba ki.

Na san abin da za ki ce, kuma ba shirme ba ne. Za ki ce abin da ba ya cikin taswira ba wanda zai kare shi, gobe masu fasa dutse su zo da inji su tafi da gangaren duka ba tare da sun san akwai wani abu a wurin ba. Za ki ce zamani ya canja, yanzu ana ɓoye lambobin wuri, ba kowa ke gani ba. Na kwana da wannan tunani shekaru da yawa, kuma ba ni da amsar da za ta rufe bakinki. Mai yiwuwa shirun nan nawa shi ma kuskure ne, na huɗu. Abin da na sani kawai, na gwada faɗa na ga abin da ya biyo baya, kuma na yi wa mamaci rantsuwa. Na kuma san shugabanku ya karanta tsohon rapor ɗina, ya ji ƙishin-ƙishin akwai saura, kuma kina son ki kai masa abin da ba wanda ya kai cikin watannin nan da ake gwada ki kafin a tabbatar miki da aikin. Ba na ganin laifinki. Yunwar nan ta a kira sunan mutum a taro na san ta, gado kika yi. Ki dai lura da ita, domin ba ta zuwa da fuskarta, kullum sai ta ce don amfanin aiki ne.

Na gaji, Uwani, ba zan ɓoye miki ba. Porje nawa na gani sun zo da sababbin motoci da sabon suna, a yi shekara kaɗan su naɗe, na gaba ya zo ya sake ƙidaya itacen da muka ƙidaya. Rapor ɗina da yawa gara ce kaɗai ta karanta su da kyau. Ranar da kika fara tafiya da ƙafarki kina jaririya ina Keita ina auna gindin gawo, ranar da kika ci jarrabawar sartifika ina wani kwari ina jiran ruwa ya janye. Gawon nan ma daga baya an sare shi. Idan Allah ya ba ki iyali, ki riƙa dawowa gida ko aiki bai ƙare ba, domin ba ya ƙarewa. Da kika ce wannan karatu za ki yi, na so in hana ki, innarki ta ce in bar ki. Duk da haka idan na bi hanyar Buza na ga gonakin da a da fayau suke yanzu manoma sun bar sabara da kalgo da gawo suna tashi cikin hatsi, raina yana yin sanyi. Ba ni na yi ba, su suka yi, iyakata na daina shiga tsakaninsu da itacensu.

Ga abin da zan iya yi miki. Hajo tana nan da rai, ta tsufa, amma ƙafarta ta fi tawa. Ban rubuta sunan ƙauyen a nan ba, ki tambayi innarki da baki. Idan aiki ya kai ki Buza, ki ɗauki ranar hutunki ki je, ba da motar porje ba, ki hau kabu-kabu kamar kowa. Ki kai mata goro da sabulu, ki ce ke ce ɗiyar Mushe Icce. Kada ki tambaye ta hano. Ki koma sau biyu, sau uku, sau goma. Idan ta ga dama wata rana za ta ce ki biyo ta, idan ba ta ga dama ba shi ke nan, ki gode mata. In ta kai ki, duk gardamar da kike da ita ta taswira da tsaro ki yi da ita da ƴaƴanta, su ne masu wurin. In sun yarda a rubuta, ki rubuta da hannunsu a ciki. In sun ƙi, ki koma wurin shugabanki hannu wofi ki ce ba ki da abin da za ki ba shi, ko da hakan zai sa a ɗauki wani a bar ki. Na san abin da nake roƙonki ba ƙarami ba ne, kuma ni da nake roƙon ban iya yin sa ba a shekarunki.

Akwai kuma wani abu da ban faɗa miki a tasha ba don kunya. Shekara huɗu ke nan gwiwata ba ta bar ni na hau dutsen ba. Hajo ba ta da waya, kuma ba maganar da za a ba ɗan aike ba ce. Raunin damina nawa aka yi tun daga lokacin, ga awaki, ga masu buhu ba su daina yawo ba. Wurin da nake hana ki, ni kaina ban san ko akwai sauran abu a cikinsa ba. Idan Allah ya sa ta kai ki, kada ki ɗauko mini hoto, kada ki aiko saƙo. Ki zo gida ki zauna kusa da ni ki faɗa mini da bakinki, suna nan ko ba sa nan. Ko wanne ne ina son in sani kafin in je in gamu da Baba Arzika.

Allah ya tsare ki hawa da sauka, ya kare ki daga maciji da kunama da sharrin hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki a duk ƙauyen da kika kwana. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki fi ni. Ki yafe mini shirun tasha.

Babanki.